Kundin "Chanis" a shagunan tura fim na Jos: wane jarumi ya cancanci gurbi a memorinka?

Duk mai bi ta Terminus ko Bauchi Road ya san rumfunan nan masu kwamfuta ɗaya da tarin igiyoyin caji, inda ake miƙa waya ko memori a tura wa mutum fim. Yawancinsu suna da kundi guda da suke kira "Chanis". A cikinsa an zuba Bruce Lee da Jackie Chan da Jet Li da Donnie Yen da Stephen Chow wuri ɗaya, wasu da fassarar Hausa, wasu da Turanci. Kundin ɗaya daga cikin shagunan da ke kusa da Terminus muke dubawa a nan. Zaɓin fina-finan ya yi kyau, mai shagon kuma ya san abin da yake sayarwa. Matsalar tana wajen matse fayil, domin kowane jarumi da inda gwanintarsa take, kuma matsin ba iri ɗaya yake cutar da su ba.

Jackie Chan ne ya fi kowa yawan fina-finai a kundin, shi ne kuma aka fi zalunta. An haife shi a Hong Kong a 1954, ya tashi a makarantar wasan gargajiya ta Yu Jim-yuen tare da Sammo Hung da Yuen Biao, inda ake koyon alkafura da tsalle tun ana yara. Shi ya sa faɗansa ya bambanta da na kowa: kujera, tsani, lema, keke, duk abin da hannunsa ya kai makami ne, kuma yakan sha duka ya yarfa hannu don zafi kafin ya rama. Irin wannan faɗa sai an ga ɗakin gaba ɗaya, a ga inda kujerar take, a ga mutum uku da suka zagaye shi. Shi da kansa yakan ja kyamara baya ya bar ta ta daɗe ba yanka, don mai kallo ya tabbata shi ne ya yi tsallen. To, da dama daga kwafin da ke kundin tsofaffi ne da aka kwaso daga faifan VCD, an datse gefe da gefe don hoton ya cika tsohuwar talabijin mai kusurwa huɗu. Sai ka ga Jackie yana kai naushi ga wanda ba ya cikin hoto. Police Story na 1985, wanda a ƙarshensa ya sulmiyo ta jikin sandar ƙarfe mai ƙwayayen lantarki a cikin katafaren kanti, bai kamata a karɓe shi ba sai da baƙin layi sama da ƙasa, alamar ba a taɓa faɗinsa ba.

Akwai kuma wani abu da shagon ke yankewa don rage nauyi, wato rubutun ƙarshen fim. A fina-finan wasu ba asara ba ce. A na Jackie babbar asara ce, domin a nan ake nuna tsallen da ya kuskure da raunukan da aka ji. A Armour of God ma har da faɗowarsa daga bishiya a Yugoslabiya, wadda ta fasa masa ƙoƙon kai. Wanda bai ga waɗannan mintuna ba bai san tsadar dariyar da ya yi ba.

Bruce Lee ba ya neman ka yi dariya. Abin da ya mallaka shi ne sauri da kwarjini: ya tsaya cik, ya zuba ido, sai bugu ɗaya mutum ya kai ƙasa. Saboda fuskarsa da tsayuwarsa ke ɗauke da rabin aikin, ƙaramin allon waya bai cika rage masa daraja ba. Abin lura a nan shi ne jabu. Ya rasu a watan Yuli 1973 yana da shekara 32, kuma manyan fina-finan da ya kammala a matsayin jarumi huɗu ne: The Big Boss, Fist of Fury, Way of the Dragon wanda ya kara da Chuck Norris a birnin Rum, da Enter the Dragon. Game of Death na 1978 bayan rasuwarsa aka harhaɗa shi da masu kama da shi, ainihin wasansa a ciki bai kai kwatan awa ba. Amma jakar da ke ɗauke da sunansa a shagon ta wuce waɗannan biyar ɗin nesa ba kusa ba, domin an cusa fina-finan masu kwaikwayonsa irin su Bruce Li da Bruce Le da Dragon Lee. Wani lokaci harafi ɗaya ne bambancin sunan. A ce a buɗe fim ɗin a ga fuskar tukuna.

Idan ana son a auna Jackie da Jet Li da gaske, akwai ma'auni mai sauƙi, don dukansu sun fito a matsayin mutum ɗaya, Wong Fei-hung, shahararren malamin faɗa kuma mai magani na kudancin Sin. A Drunken Master na 1978 Jackie ya mai da shi yaro mai ƙiriniya da ake ladabtarwa. A Once Upon a Time in China na 1991 Jet Li ya fito da shi dattijon kirki mai kamun kai. Jet Li zakaran wushu, wasan faɗan Sin, ne na ƙasa tun yana matashi a Beijing, kuma wajen tsabtar motsi, yadda ƙafa ke miƙewa ta dawo daidai inda ta tashi, Jackie bai kai shi ba. Sai dai fina-finansa na wancan zamani sun dogara da igiyar da ke ɗaga mutum sama, ga saurin hannu, kuma saurin nan ne fayil ɗin 360p, wato mai ƙarancin ingancin hoto, ke mayarwa hazo. Ba wayarka ce ta lalace ba. An rage bayanan da ke cikin kowace daƙiƙa ne, hoto mai motsi kuwa shi ya fi buƙatarsu. Donnie Yen ya tsira daga wannan, don Ip Man na 2008 da na bayansa sababbi ne, kwafinsu garau suke.

Stephen Chow shi ne ya fi wahalar da mai fassara. Ba ɗan faɗa ba ne kamar sauran, ɗan barkwanci ne mai son faɗa, kuma yawancin dariyarsa tana cikin wasa da kalmomin harshen Kantonis. Ka ƙaddara an ɗauki marigayi Ibro an fassara wa mutumin Hong Kong: zai ga zare ido da tafiyar, amma habaicin ya bi ruwa. Abin da mai fassarar Hausa ke yi shi ne ya zubar da zancen asali ya saka nasa barkwancin. Wani lokaci ya dace, wani lokaci surutu ya danne wurin da shiru ne abin dariyar. Shaolin Soccer na 2001 da Kung Fu Hustle na 2004 sun fi jure wannan, domin da ido ake cin moriyarsu. Tsofaffin fina-finansa na shekarun 1990 kuwa, in ba da rubutaccen Turanci a ƙasa ba, gara a bar gurbin ga wani. A ganinmu Jackie ya fi shi amfani ga mai kallo Bahaushe, saboda mutum ya zame ya faɗi ba ya buƙatar tafinta.

Wajen saye, a nemi 720p ga na Jackie da Jet Li. Fim mai awa ɗaya da minti arba'in zai ci kusan gigabait ɗaya, don haka memori mai gigabait 32 zai ɗauki wajen fim talatin. Na Bruce Lee 480p ya wadatar. A tambayi nau'in fayil: MP4 yana buɗewa kusan ko'ina, amma MKV, musamman wanda aka matse da H.265, tsofaffin wayoyi da talabijin masu cin filashi sukan ba da murya babu hoto, ko su ƙi buɗewa sam. A waya, manhajar VLC tana magance yawancin wannan. Idan filashin yana kan tsarin FAT32, ba zai karɓi fayil da ya haura gigabait 4 ba.

Memorin da kansa shi ne babban tarko. Akwai na jabu da ke nuna 32 alhali cikinsa bai kai haka ba. Turawa za ta tafi lafiya lau, sunayen duk su bayyana, sai an je gida a tarar na ƙarshen ba sa buɗewa. Saboda haka kafin a bar rumfar, a buɗe fim ɗin da aka tura na ƙarshe, ba na farko ba. A ja shi zuwa tsakiya a saurari ko ƙarar naushi tana zuwa tare da naushin, domin a kwafin da aka ɗora wa fassara murya takan ja baya sannu a hankali, kuma ba a gane hakan a mintunan farko. Sannan a ja zuwa ƙarshe a ga ko rubutun yana nan. Mai wannan shagon yana sake turawa ba gardama idan an nuna masa matsalar nan take, shi ya sa gwajin minti uku a tsaye ya fi dawowa gobe daga Farin Gada ko Unguwar Rogo.