Rufus, Splitwise, Wanderlog: wai wa aka gina wa waɗannan manhajojin ne?

Duk kamfanin da ya fito da sabuwar manhaja yanzu zance ɗaya ne a bakinsa, wai sun gina ta ne suna duba buƙatar mai amfani. To mun ji, amma wane mai amfanin? Na jima ina tattaɓa mataimakan sayayyar nan masu AI da kuma manhajojin shirya tafiya a gurup, kuma duk inda na ga abu ya yi daɗi ko ya ba da haushi, in na bi diddigi sai in tarar amsar wannan tambayar ce ta jawo. Maganar ma ba sabuwa ba ce, tun shekarun 1980 Don Norman, masanin tsara kayayyaki, ke ta fama da mutane a kan cewa in mutum ya kasa amfani da abu to a tuhumi wanda ya tsara abin kafin a tuhumi mutumin.

Bari in fara da Rufus, mataimakin sayayya na Amazon, tunda shi ya fi suna. A Fabrairun 2024 suka fara gwajinsa a Amurka, zuwa Yuli suka buɗe wa duk kwastomominsu na can, sunan ma na wani kare ne da yake yawo a ofishinsu a farkon kafa kamfanin. Inda ya burge ni gaskiya shi ne a kan shafin kaya. Kana kallon jakar tafiya, ƙarƙashinta ra'ayoyin masu saye sun kai dubbai, wa ke da lokacin karanta wannan duka? Sai kawai ka rubuta masa "zif ɗin yana saurin lalacewa?" ya tattaro maka abin da mutane suka faɗa a layi uku huɗu, har ma yana jero maka tambayoyin da za ka danna in ba ka san ta inda za ka fara ba. Wannan kam an yi tunanin mutum mai riƙe da waya da hannu ɗaya yana sauri, na ba su maki a nan.

Amma fa kar ka manta a shagon wa kake tsaye. Tun a 2024 Amazon ta fara gwada saka talla a cikin Rufus. Talla a jerin sakamakon bincike mun saba da ita, ido ya koyi tsallake ta, amma talla a tsakiyar hira da wanda ka ɗauka yana ba ka shawara wani abu ne daban, kamar ka tambayi dillali wanne ya fi kyau alhali la'adarsa na wajen mai kaya. ChatGPT ma ya shigo harkar, a Afrilun 2025 ya fara nuna kaya da hotuna da farashi, a Satumba kuma suka ƙaddamar da biya daga cikin hirar kai tsaye, suka fara da masu sayarwa a kasuwar intanet ta Etsy, kuma a lokacin mai kaya ne ke biyan kamasho in an yi ciniki. Sun dai ce kamashon ba ya taɓa jerin abin da suke nuna maka. Ni awon da nake yi wa kowanne mai sauƙi ne: zai iya ce min "wanda kake da shi ya ishe ka, kar ka sayi sabo"? In na tura su da tambaya sosai wani lokacin su faɗa, amma da kansu, da ƙyar.

Akwai wani da na gwada a wani shagon intanet, ba zan kama suna ba, na gaya masa tun farko jakar da za ta shiga ma'ajin saman kujera a jirgi nake nema. Ya ce to. Na tambayi kala, na tambayi taya, kafin mu je ko'ina ya manta sharaɗin farko ya kawo min wata ƙatuwa da sai dai a auna ta a tura cikin kaya, kuma da cikakken ƙarfin gwiwa yake yabonta wallahi. Abin da ya kamata mai sauƙi ne, a rubuta sharuɗɗan da na faɗa a saman sikirin ina ganinsu, in iya gogewa ko in gyara, kamar yadda tsohon tacen bincike yake yi. Hira tana da daɗi amma ba ta nuna maka abin da na'urar ta riƙe da wanda ta zubar.

Kuma in ya yi maka ƙarya wa zai biya? A Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta sa Air Canada biyan wani fasinja diyya saboda bot ɗin shafinsu, wato na'urar da ke amsa wa kwastoma tambaya, ya faɗa masa zai iya neman rangwamen tafiyar rasuwa bayan ya riga ya yi tafiyar, alhali dokar kamfanin ba haka ta ce ba. Kamfanin ya so ya zame ya ce bot ɗin ke da alhakin maganarsa, kotu ta ce a'a, shafinku ne. Kamfanin biyan kuɗi na Klarna kuwa da suka yi ta alfahari a 2024 cewa mataimakinsu na yin aikin ma'aikata 700, a 2025 shugabansu da kansa ya fito ya ce inganci ya ragu, dole kwastoma ya samu hanyar magana da ɗan adam.

Yanzu ɓangaren tafiya a gurup, nan ne abin ya fi rikitarwa, don mai amfanin ba mutum ɗaya ba ne. A kowane gurup akwai mai ɗawainiya, shi ne mai neman otal, mai tuna wa kowa tikiti, mai fitar da kuɗinsa ya biya kafin a biya shi. Akwai mai cewa "duk abin da kuka yanke" sannan ya zo yana ƙorafi ranar tafiya. Akwai wanda wayarsa ta cika ba zai sauke wata sabuwar manhaja ba ko za a yi yaya, akwai kuma wanda aljihunsa bai kai na sauran ba kuma ba zai taɓa faɗa a gaban kowa ba. Yawancin manhajojin nan mutum na farkon kawai suka sani.

Wanderlog misali, ga mai ɗawainiya abu ne mai kyau ƙwarai. Ka saka wuraren da za a je, su fito a taswira, ka ja wannan ka kai ranar Talata ka mayar da wancan Laraba, ya nuna maka nisan da ke tsakani sai ka gane tun kana gida cewa abin da kuka jera wa yini ɗaya ba zai yiwu ba, kuma kowa zai iya shiga ya gyara. Matsalar ita ce kowan nan ba ya shiga. Hirar gaskiya tana can WhatsApp, can ake musu can ake yanke magana, sai mai ɗawainiya ya koma yana kwafowa daga nan yana mannawa can. Shi ya sa nake ganin ƙuri'ar da WhatsApp ta ƙara a ƙarshen 2022 ta warware rigimar zaɓen rana fiye da manhajoji da yawa da aka gina musamman don hakan, ba wanda ya buɗe sabon akawun, danna ɗaya ne an wuce wurin. Kamfanin bukin tafiye-tafiye na Expedia sun gane haka, mataimakinsu na AI mai suna Romie da suka nuna a Mayun 2024 an tsara shi ne a gayyato shi cikin hirar gurup ya ji abin da ake so ya kawo shawara. Dabara ce mai kyau, sai dai mutum ɗaya ne ya gayyato shi amma maganar kowa yake karantawa, shin an tambayi sauran? Airbnb, masu haɗa matafiya da gidajen haya, ma a watan suka ƙara jerin zaɓi na haɗin gwiwa da mutane za su yi ƙuri'a a kan gida, bayan sun ce sama da kashi 80 cikin 100 na bukin ɗinsu na gurup ne.

Splitwise shi ne wanda na fi yabawa, kuma dalilin ƙaramin abu ne. Yana nan tun 2011, aikinsa ɗaya, wa ya biya me, wa ke bin wa. Akwai wani maɓalli na rage sarƙar bashi: in kai ana binka 20, wanda ke binka shi ma wata na binsa 20, sai ya ce kai ka tura mata kai tsaye, biya ɗaya maimakon biyu. A gurup mai mutum takwas bayan mako guda ana kashe kuɗi wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sannan ba dole a raba daidai ba, wanda bai shiga motar haya ba sai a cire sunansa daga wannan lissafin, wanda ya kwana biyu kacal ya biya na kwana biyu. Abin da ya fi min shi ne ya ɗauke wa mutum kunyar tambayar kuɗinsa, lamba ce a rubuce kowa na gani, ba sai ka bi abokinka kana kame-kame ba. Tricount, wanda bankin bunq ya saya a 2022, kusan aiki ɗaya suke yi, kuma mutum ɗaya zai iya rubuta sunayen kowa ya riƙe lissafin ko da rabin gurup ɗin ba su taɓa buɗe manhajar ba, wannan ya dace da mai cikakkiyar wayar nan.

Wanda har yanzu ban ga an yi masa adalci ba shi ne mai ƙaramin aljihu. Lissafin bashi sai an kashe kuɗi yake farawa, lokacin an riga an kama otal mai tsada. Abin da nake so in gani shi ne kowa ya saka iyakar abin da zai iya a ɓoye tun kafin a zaɓi komai, manhajar ta nuna wa gurup wuraren da suka shiga iyakar kowa ba tare da ta fallasa wanda ya saka mafi ƙanƙanta ba. In AI zai shigo harkar tafiya to nan ne wurin da zai yi amfani, amma abin da aka fi tura shi yi shi ne rubuto jadawalin kwana biyar da ba wanda ya tambaya.

Don haka in za ku yi tafiya ni shawarata ku bar musu da ƙuri'a a WhatsApp, mutum ɗaya ko biyu su riƙe Wanderlog su riƙa turo hoton jadawalin, kuɗi kuma Splitwise ko Tricount tun daga biyan farko, kar a bari sai an dawo. Rufus da ire-irensa ku tambaye su a kan kayan da kuka riga kuka zaɓa, girma da nauyi kuwa ku duba da idonku a bayanin kayan kafin ku danna biya.