Na Sayi Gobara Da Kuɗina A Landan

Jama'a, Turawan nan har masifar da ta same su sayar da ita suke yi, kuma ana saye. Kusa da gadar Landan akwai wata hasumiyar dutse da suke kira Monument, tsawonta ƙafa 202, da matakala 311 a cikinta, an gina ta don tunawa da gobarar da ta cinye birnin a 1666. Wutar ta tashi cikin dare, wayewar garin Lahadi 2 ga Satumba, daga gidan burodin wani Thomas Farriner a layin Pudding Lane. Kwana huɗu ta yi tana ci, ta lashe gidaje wajen 13,200 da coci 87, har da babban cocinsu na St Paul. Yau hoton wannan bala'i yana jikin kofin shayi, yana jikin kati, yara 'yan firamare ma sun haddace labarin.

Akwai wani tsohon zane nata, na wajajen 1675, wanda ba a san mai shi ba. Gadar Landan a hagu, tsohuwar ganuwar Tower a dama, can tsakiya St Paul a cikin harshen wuta, ga mutane sun yi cincirindo a bakin kogin Thames suna loda komatsansu a kwale-kwale. Ina ganinsa sai gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ta faɗo mini a rai, yadda 'yan kasuwa suka riƙa gudu da dila a ka. Na tarar akwai masu kwaikwayon irin waɗannan zane-zane da hannu, da burushi da fentin mai a kan ƙyalle mai kauri, ba bugun inji ba. Ka zaɓi girman da kake so, ka biya, a zana maka. Na biya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya biyo baya. Kafin su turo kayan sai ga saƙo ɗauke da hoton aikin, wai in duba, in akwai abin da bai yi mini ba in faɗa. Ni kuwa Bakano, ai ba a nuna mini kaya in ce ya yi. Don dai kada a ce ban yi magana ba, na rubuta cewa hayaƙin ya yi haske, kuma mutanen bakin ruwa sun yi kaɗan. Wallahi haƙuri suka ba ni! Suka mayar wa mai zanen, ya ƙara duhu, ya ƙara mutane, suka sake turo hoto suna tambaya ko yanzu hankalina ya kwanta. Ko sisi ba su ƙara ba. Je ka gaya wa telan unguwarku wuyan rigarka ya yi faɗi ana jajibirin Sallah, ka ji yadda zai ce maka ai haka ake yayi.

Da kayan suka iso, nannaɗe a cikin wani dogon bututun kwali, ƙamshin fenti na tashi, na shafa na ji tudun burushi a yatsana, musamman wajen jan wutar. Sai na duba takardar jiki: daga Shenzhen ta ƙasar Sin. Ashe akwai wata unguwa a can, Dafen, wadda tun 1989 wani mai zane daga Hong Kong, Huang Jiang, ya kafa wannan sana'a a cikinta, har ta zama matattarar dubban masu kwaikwayon zanen Turawa. Gobarar Bature, hannun ɗan Sin, kuɗin Bahaushe.

Haushin yana wajen firam. Mai shagon sai da ya sa na ɗauki rana kamar zan ga likita, ya baje mini katako kala-kala yana ta Turanci, sannan ya yanka kuɗin da ya fi na zanen kansa. Na nemi ragi, ya dube ni kamar na zage shi. A nan ba a ciniki, ba a “albarka”, ba a “sallama”. Na yi kewar kafintan bakin layinmu da za mu yi ta ja har a kira sallah.

Uwargida kuma ta ce ba dai a falonta ba, wa ya taɓa rataye gobara a gida in ba mai neman jawo tsiya ba? Yana can a lungun hanyar kicin.

Amma ku duba. Bayan wannan wuta, a 1667 suka yi doka cewa da bulo ko dutse za a sake gini, kuma ba a jima ba inshorar gobara ta kafu a garin. Ba wai sun gama da wuta ba ne, don a 2017 benen Grenfell ya ci rai 72. Mu fa? Sabon Gari ta ƙone a 2016, babbar kasuwar Sakkwato a 2021, Monday Market ta Maiduguri a 2023. A yi jaje, a ce tsautsayi ne, Allah Ya mayar da alheri, gwamna ya zo ya yi alkawari, sannan a koma a jona waya goma a soket ɗaya, a kafa tebur a hanyar da motar kashe gobara za ta bi. Bidiyon ya yi kwana biyu a Facebook ya nutse. Jajen kam mun fi su, a nan in ɗakinka ya ƙone wasiƙa ce za ta zo maka, ba maƙwabci da kwanon tuwo ba.

Kuma ba masu hannu muka rasa ba. Wanda ya iya zana zaki da dawisu a bayan babbar mota zai iya zana daren da Sabon Gari ta kama. Duk wanda ya san irin wannan mai zane a Kano ya haɗa ni da shi, ina so. Sai dai rabin kuɗi zan fara bayarwa, sauran sai na ga aiki.