Kwana Uku Ba Tare da Muƙami Ba: Sharhi Kan Wani Zaman Binciken Kai a Bayan Garin Jos

A watan Janairun da ya wuce, lokacin da hunturu ya kankama har mutum ba ya marmarin taɓa ruwa da asuba, na halarci wani zaman kaɗaici na kwana uku da wata ƙaramar ƙungiyar Kirista take shiryawa a wani masauki da ke bayan Bukuru. Tun da na dawo, mata da yawa a Zumuntar Mata ta ikilisiyarmu suke tambayata ko abin ya cancanci kuɗinsa da barin gida da yara har kwana uku, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi, domin wanda yake da niyyar zuwa ya san abin da zai tarar.

Masaukin ba shi da wani ƙawa. Ɗakuna ne ƙanana a jere, da ɗakin sujada guda ɗaya, an kewaye su da shingen ƙerana, a bayansu kuma akwai duwatsu da wani tsohon kududdufi na zamanin haƙar kuza. Jos tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, kuma wajen gari ya fi cikin gari sanyi nesa ba kusa ba, saboda haka bargo ɗaya da suke bayarwa ba ya isa. Abinci mai sauƙi ne amma mai tsabta: kunun acca ko shayi da safe, gwate ko dankalin Turawa da rana, tuwo da dare. Kuɗin da na biya, har da kwana da abinci da takardun karatu, bai kai abin da mace take kashewa wajen ɗinka anko biyu ba, kuma an gaya mana cewa ana rage wa gwauraye da ɗalibai.

Aikin ya fara tun daga bakin ƙofa, kafin a buɗe Littafi Mai Tsarki. Wata budurwa ce take karɓar baƙi, tana sa wayar kowa a ambulan tana rubuta suna, sannan ta ba mutum ɗan kati da zai maƙala a ƙirji. Da ta tambaye ni abin da za ta rubuta, sai na faɗi sunana na ƙara da cewa ni ce shugabar Zumuntar Mata a ikilisiyarmu. Ta ɗan rusuna ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, a nan sunan da iyaye suka raɗa miki kawai muke rubutawa." Na karɓi katin ina jin wani abu yana sukar zuciyata, domin shekara da shekaru ba wanda ya kira ni da wannan suna shi kaɗai. A cikinmu akwai wani Rabaran mai furfura, da wani babban ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, su ma haka aka yi musu. Ba a zubar da ladabi ba, matasa sun ci gaba da cewa Baba da Mama, domin girman shekaru ba a ajiye shi a ambulan. Abin da aka ajiye shi ne muƙami da laƙabi, wato rigunan da mutum ya ɗinka wa kansa ko jama'a suka ɗinka masa.

Da maraice na farko mai jagorancin zaman, wani fasto mai magana a hankali, ya ɗauki labarin Yakubu, kuma a ganina wannan koyarwa ita ce ƙashin bayan kwanakin gaba ɗaya. Ya nuna mana cewa sau biyu aka tambayi Yakubu ko shi wane ne. A Farawa sura 27 mahaifinsa Ishaku, wanda idanunsa suka dushe, ya tambaye shi, shi kuwa yana sanye da tufafin wansa, da fatar ɗan akuya a hannuwansa da wuyansa, ya amsa cewa shi ne Isuwa ɗan fari. Ya sami albarkar, amma ya same ta da sunan wani, sai ta zame masa gudun hijira da shekara 20 a gidan Laban. A sura 32, a mashigin Yabbok, bayan ya haye da iyalinsa da dukiyarsa ya rage shi kaɗai cikin dare, wanda ya yi kokawa da shi ya sake yi masa tambayar, a wannan karon kuwa ya faɗi sunansa na gaskiya, sunan da Isuwa ya taɓa fassarawa da mai ƙwace. Sai bayan ya amsa sunansa aka sake masa suna Isra'ila, ya kuma tashi yana ɗingishi. Faston ya rufe littafin ya ce mu tafi ɗakunanmu da tambaya ɗaya: tufafin wa kake sanye da su a gaban Allah? Daga wannan lokaci aka shiga shiru, ba hira ko a wurin cin abinci, sai safiyar rana ta uku.

Hanyar da suka koya mana ta binciken kai ba sabuwa ba ce, kuma sun faɗi asalinta a fili. Ginshiƙinta shi ne tsarin Ignatiyus na Loyola, sojan Sifaniya ɗan Katolika da aka ji wa rauni a yaƙin Pamplona a shekarar 1521, wanda daga baya ya tsara matakai biyar na duba yini: a fara da godiya, a roƙi haske domin a ga gaskiya, a bi yinin sa'a bayan sa'a ana duban tunani da magana da aiki, a nemi gafara, sannan a ƙudura gyara da taimakon Allah. Wani dattijo ya nuna damuwarsa kafin a shiga shiru, ya ce shi bai saba da abin da ya fito daga Katolika ba. Faston bai yi masa gardama ba, ya dai buɗe masa Makoki 3:40 da 1 Korantiyawa 11:28 da 2 Korantiyawa 13:5, inda aka umarci masu bi su gwada kansu, ya kuma tuna masa cewa John Wesley, wanda ya kafa ɗarikar Methodist, da abokansa a jami'ar Oxford, tun daga 1729, suna da tambayoyin da suke auna kansu da su. An kuma ba mu jerin tunani takwas da Evagrius, wani mai zaman zuhudu a hamadar Masar wanda ya rasu a shekarar 399, ya ce su ne suke kai wa zuciya hari: zarin ci, sha'awa, son kuɗi, baƙin ciki, fushi, kasalar ruhu, son yabo da girman kai. Amfanin jerin shi ne yana hana mutum fakewa da addu'ar nan ta gama-gari, "Ya Ubangiji ka gafarta mana zunubanmu," wadda ba ta kama sunan komai.

A rana ta biyu na zauna a kan wani dutse kusa da kududdufin da littafin rubutu a hannuna, na rubuta sunan da aka san ni da shi a unguwa da ikilisiya, wato Mama Mai Haƙuri. Ni ake kira idan mata biyu sun saɓa, ni nake koyar da gafara a taron mata, kuma na yi imani da dukan abin da nake koyarwa. Amma da na bi jerin nan na iso kan fushi da son yabo, sai wani ɗan mabuɗi ya faɗo mini a rai. Rikicin Janairun 2010 ya raba mu da gidanmu, muka zauna wata bakwai a gidan yayan maigidana. Wata safiya na je ɗebo shinkafa domin in dafa wa yara, na tarar facalata ta sa kwaɗo a ɗakin ajiya ta ɗaure mabuɗin a bakin zanenta. Ban ce uffan ba, na koma ɗaki na yi murmushi a gaban yara, kuma kowa ya yaba haƙurina. Tun daga ranar ban ƙara cin abincin hannunta da daɗin rai ba. Da ta kwanta rashin lafiya shekaru bayan haka, ban taka ƙafata na je gaishe ta ba, sai na aika kuɗi ta hannun matan zumunta, inda na san za a ambaci sunana. A kan dutsen nan na gane cewa abin da ake kira haƙurina ƙullaci ne da na lulluɓe da zanen zumunta, kuma ina ciyar da shi da yabon mutane. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a ranar da muka rasa gidan.

A nan ne na ga ƙwarewar masu shirya zaman. Kowane mahalarci yana da rabin sa'a a rana tare da mai ba da shawara, maza wurin maza, mata wurin mace. Wadda na gani tsohuwar malamar makaranta ce, ta girme ni. Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba, ba ta kuma yi saurin cewa ba komai. Ta ce, "Ƙanwata, abin da kika gani gaskiya ne, amma ba ke kika tono shi ba, nuna miki aka yi, kuma wanda ya nuna miki ba domin ya kunyata ki ya yi ba." Ta sa na karanta ƙarshen Zabura 139, inda Dawuda yake roƙon Allah ya bincike shi, ta ce in lura cewa mai binciken Allah ne, mutum kuwa buɗe ƙofa kawai yake yi. Sannan ta kwatanta mini Bitrus da Yahuza, waɗanda dukansu suka ga duhun zuciyarsu a dare ɗaya, ɗaya ya koma wurin Ubangijinsa, ɗayan ya tafi shi kaɗai da abin da ya gani. Ba don wannan zama da ita ba, da na bar wurin da sabon suna na ƙarya, wato munafuka wadda ba ta da gyara, wanda bai fi na farkon gaskiya ba.

Akwai abubuwan da ya kamata su gyara. Mace ɗaya ce take ba da shawara alhali mata sun fi maza yawa, har wasu suka jira zuwa dare. Takardun da aka raba an fassara su daga Turanci kalma da kalma, wasu jimlolin sai na karanta sau uku kafin in kama ma'anarsu, abin da bai dace ba a garin da yake cike da malaman tauhidi masu jin Hausa, daga makarantar tauhidi ta TCNN da ke Bukuru zuwa ta JETS da ke Jos. Janareta yana kusa da ɗakunan gefen hagu, ƙararsa tana ɓata shirun da aka zo nema, ruwan zafi kuma ba ya isa kowa da safe. Abin da ya fi damuna shi ne ba a tambayi kowa lafiyarsa ba kafin a shiga. Wanda yake fama da ciwon damuwa mai tsanani, ko wanda ya ga abin firgita a rikici bai warke ba, kwana biyu na shiru yana tono zuciya na iya yi masa nauyi fiye da ƙarfinsa, kuma irin wannan yana bukatar likita tare da addu'a. A garin da ya ga rikicin 2001 da na 2008 da na 2010, irin waɗannan mutane ba kaɗan ba ne.

Duk da haka ina ba da shawarar zaman da zuciya ɗaya, musamman ga fastoci da matansu, da dattawa, da shugabannin zumunta da na mawaƙa, domin mu ne muka fi daɗewa a cikin rigar muƙami, mu ne kuma ba mai tambayarmu yadda zuciyarmu take. Wanda yake neman taron farkawa mai kiɗa da tafi ba zai same shi a nan ba.

Mako biyu bayan na dawo na auni acca mudu biyu na tafi gidan facalata. Na ce mata, "Yaya, na riƙe ki a zuciya tun ranar mabuɗin nan, na zo ki yafe mini." Ta daɗe tana kallon ƙasa, ta ce ta ji, ta kawo mini ruwa, muka yi maganar yara, ba ta ƙara komai a kai ba. Na fito ban san ko na gyara ko na fama tsohon miki ba, kuma a daren nan na so ƙwarai in yi magana da malamar da ta saurare ni, amma ba a ba mu wata hanyar samun masu ba da shawara bayan an tashi ba. Na rubuta wa ƙungiyar na roƙe su su sa ranar haɗuwa ko da sau ɗaya ce bayan wata guda. Wanda zai je kafin su gyara wannan, ya nemi wani amintacce a ikilisiyarsa tun kafin ya tafi, wanda zai zauna da shi idan ya dawo, ya kuma tafi da bargo na biyu, ya roƙi ɗaki a gefen dama.