Gargaɗi ga direbobi: ku yi hattara da mai haɗa amfilifaya da ufa da ke bin kasuwannin ƙauye

Assalamu alaikum jama'a, musamman 'yan uwa direbobin haya da samarin nan masu son mota ta riƙa duka tun daga nesa. Akwai wani mutum da ke bin kasuwannin mako a 'yan watannin nan, Juma'a a gan shi wajen Wudil, Alhamis a ce ga shi can Maigatari, sai ya buɗe but ɗin motarsa cike da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da ufa (babbar sifikar duka) da ƙullin waya, ya saki kiɗa har gilas na rawa, ya ce zai haɗa maka a nan take kafin layinka ya zo, kuɗin aiki kyauta in dai a hannunsa ka sayi kaya. Ba zan kama suna ba don sunan ma kowace kasuwa da wanda yake bayarwa, lambar waya kuma yau wannan gobe waccan. Ni wayarin ɗin mota ne sana'ata a garejin garinmu, motocin da ya taɓa suna ta faɗowa hannuna kuma duk ciwonsu iri ɗaya, shi ya sa na ce bari in yi magana.

Amfilifayar da yake kunna muku a motarsa daban, wadda yake ciro muku daga kwali daban. Ta kwalin an manna mata sitika ta Pioneer ko Sony ko Kenwood, an rubuta wat 5000 da manyan baƙaƙe, alhali waɗannan kamfanonin ba su ma san da zamanta ba. Ga yadda za ka kama ƙaryar ba sai ka buɗe ta ba: duba fis ɗin da ke jikinta. In ka ga fis ɗaya mai lamba 30, to ka ninka 30 da wutar mota in tana kunne, wato wajen bolt 14, zai ba ka wat 420. Iyakar abin da za ta iya ja ke nan, kuma wani kaso ma zafi yake zama bai kai ga sifika ba. Kafin a samu wat 5000 na gaskiya sai an ja amfiya sama da 350, altanetar yawancin ƙananan motocinmu kuwa tsakanin 70 zuwa 120 take bayarwa, ita ce kuma ke riƙe fitilu da fanka da cajin batir. To daga ina wutar za ta fito? Lambar da ake dubawa ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, in PMPO ka gani ko MAX to talla ce kawai.

Amma ni ba amfilifayar ce ta fi ɗaga min hankali ba, waya ce. Yana nuna maka jar waya mai kauri kamar ɗan yatsa ya ce geji 4 ce, ka yanka ka ga rabinta roba ce, silin da ke ciki ko geji 8 bai cika ba (geji ma'aunin kaurin waya ne, 8 ta fi 4 siranta). Silin ma ba kofa ba ne, wato jan ƙarfe zalla, alminiyam ne aka yi masa wankan jan ƙarfe a sama. Kankare sili ɗaya da reza za ka ga fari ya fito, ko ka kanga masa laita ka ga ya lanƙwashe ya yi laushi nan da nan, na kofa kuwa sai dai ya yi baƙi yana nan tsaye. Kai ko ɗan gwangwan ka miƙa wa, daga nauyi zai faɗa maka, don su ba a yi musu wayo a kan kofa. Alminiyam wajen kashi 60 cikin 100 na wutar da kofa mai kaurinsa ke ɗauka yake iya ɗauka, sauran aikin sai zafi, ga shi yana yin farin gari a bakin tamina ya saki.

Sannan babu fis a bakin batir. Wallahi duk motar da aka kawo min daga hannunsa ban ga ko ɗaya mai shi ba. Idan ka tambaye shi sai ya ce ai yallaɓai akwai a jikin amfilifaya. Wancan amfilifaya yake karewa, ita wayar da ta taso daga batir ta ratsa mota har but fa wa ke kare ta? Ƙa'ida a sa fis kusa da kan batir, kada ya wuce inci 18, kamar kamu ɗaya dai. Shi kuwa sai ya zura wayar ta ramin ƙarfe tsakanin inji da cikin mota ba tare da robar rami ba, ka bi hanyar burji da gargada irin tamu ta ƙauye, ƙarfe ya yi ta cin robar a hankali, ranar da ya kai ga sili wayar gaba ɗaya za ta yi ja a ƙarƙashin kafet, kuma kashe makulli ba zai hana ba tunda kai tsaye daga batir take. Wani direban Sharon hayaƙi ya gani yana tasowa daga ƙarƙashin kujerar fasinja da mata da yara a ciki, Allah ne ya kiyaye yana da sifana a kusa ya kwance kan batir. Ku tuna da yawanku da jarkar fetur kuke yawo a but.

Inda cutar take ta gaske shi ne zagaye na biyu. Aikin da ma an yi shi ne yadda dole ka dawo. Akwai siririyar waya, yawanci shuɗiya mai ratsin fari, da ke fitowa daga rediyo, ita ke gaya wa amfilifaya ta kunnu in an kunna rediyo ta mutu in an kashe. Shi sai ya ɗan yi mata gada daga babbar wayar wuta, amfilifaya ta kwana a kunne, da asuba ka murza makulli shiru sai an tura. Ka kira shi ya ce haba maigida ai batirinka ne ya tsufa ba zai iya ɗaukar kaya masu ƙarfi ba, ga wani zan kawo maka kasuwa mai zuwa ka ba ni naka ka yi ciko. Ka ba da lafiyayyen batir ka karɓi wanda aka wanke aka goge. Kwana kaɗan fitilun gaba su fara lumshewa duk sanda ganga ta buga, sai ya ce altaneta ce, ko ya ce sai ka sayi kafasito. Haka zai yi ta tatsarka har ranar da layinsa zai daina shiga.

Alhali yawancin matsalolin nan da ƙaramar mitar awon wuta ake gano su, mitar da kowane mai wayarin ko mai gyaran sola na garinku yake da ita. Batir mai lafiya in mota na kashe zai nuna wajen bolt 12.6, in an tayar da inji ya hau tsakanin 13.8 da 14.4, in ka ga haka altanetarka ƙalau take kada wanda ya kwance maka ita. Sai a je but a auna a bakin amfilifaya kiɗa na tashi, in can gaba 14 ne nan kuma yana faɗowa 11 ko ƙasa, to wutar a hanya take zubewa, ko wayar ce ko at ɗin. At ɗin nan, wato baƙar wayar da ake ɗaurewa a jikin bodi, shi ne rabin ciwon da nake gani. Mutumin nan a kan fenti yake ɗaure shi da ɗan sukurun kafinta, wani lokaci ma a jikin marfin but. Ana so ya zama gajere, kaurinsa ɗaya da jar wayar, a kankare fenti sai ƙarfe ya yi ƙyalli a ɗaure da noti tamau.

Idan jar fitilar jikin amfilifaya ce ke kamawa kiɗa ya ɗauke, kafin a ce amfilifaya ta ƙone a cire wayoyin sifika tukuna a sake kunnawa. In ta koma kore, matsalar tana wajen ufa, ko sili ya taɓa ɗan uwansa ko an ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta. Ufa biyu masu om 4 (om shi ne ma'aunin nauyin da ufa ke ɗora wa amfilifaya, ƙaramar lamba ta fi nauyi) in aka haɗa su jan da ja baƙi da baƙi sun koma om 2, amfilifayoyi da yawa kuma in an haɗe tashoshinsu biyu wuri ɗaya ba sa ɗaukar ƙasa da om 4, sai zafi sai ɗaukewa. Kukan nan kuma mai kama da na sauro da ke ƙaruwa in ka taka totur, galibi at ne mara kyau, ko an kwantar da wayoyin RCA, masu kai sauti daga rediyo zuwa amfilifaya, tare da wayar wuta a gefe ɗaya maimakon kowa ya bi nasa gefen motar. Sai ɗan maɓallin gen da yake murɗewa har ƙarshe don ka ji ƙara a kasuwa ka biya da murna, ba maɓallin ƙara sauti ba ne, daidaita shi ake yi da ƙarfin rediyo, in ya yi yawa sauti ya riƙa fashewa kwayil ɗin ufa ya gasu, ka fara jin ƙauri a but.

Ni ba na hana kowa sa kiɗa a motarsa, ko da yake wasunku in kun shigo gari da daddare sai tsofaffi sun tashi daga barci, wannan kuma maganar wata rana ce. In za ka sa, shiga Kano da mai wayarin ɗinka, Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, ka saya a shagon da gobe in ka koma za ka tarar da shi, a yanka maka bakin wayar a gabanka, a ba ka rasit.

Wanda kuma mutumin nan ya riga ya yi wa aiki, don Allah yau ɗin nan buɗe bonet ka bi jar wayar daga kan batir, in ba ka ga fis ba cire baƙin kan batir tukuna sannan ka kwance ta ka naɗe bakinta da tef, kiɗan ya jira. Shugabannin tasha da 'yan kamasho ku ma ku sa ido, in ya zo ya buɗe but a tasharku ku ce ya yanka waya ɗaya a kankare a gaban jama'a kafin ya taɓa motar kowa. A tura wa sauran direbobi a guruf ɗinku na WhatsApp.