Oksimita ta hannu mai ɗaurin jarirai: abin da na gani a ɗakin yara

Tun lokacin korona na'urar auna iskar oksijin a jini, wadda muke kira oksimita, ta shiga hannun jama'a. Sai dai kusan duk wadda iyaye ke zaro mini daga jaka ta manya ce, 'yar ƙaramar nan da ake maƙalawa a yatsa. Ni nas ce a sashen yara, kuma wadda na saya don aikina dabam take. Ta hannu ce, tana da allo da batir na caji, ana jona mata waya, kuma ta zo da kawuna uku: na yatsan babba, na yatsan yaro, da wani ɗauri mai laushi da ake naɗawa a ƙafar jariri. Na daɗe ina aiki da ita dare da rana. Ra'ayina shi ne ta cancanci a saye ta, amma akwai inda ban yarda da ita ba, kuma wannan ne ya sa na zauna rubutu.

Aikinta ba shi da wuyar fahimta. A gefe guda na kan akwai ƙananan fitilu biyu, ɗaya ja, ɗaya mai hasken da ido ba ya gani. Hasken yana ratsa yatsa ya faɗa kan ma'auni a ɗaya gefen. Jinin da ya ƙoshi da oksijin da wanda bai ƙoshi ba, ba iri ɗaya suke shanye hasken nan biyu ba, to daga bambancin ne na'urar ke fitar da lamba, wato kashi nawa cikin 100 na jinin ya ƙoshi da oksijin. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, shi ya gano a farkon shekarun 1970 cewa bugun jini da kansa zai iya raba hasken da jinin jijiya ya sha da wanda fata da ƙashi suka sha. Wannan yana da muhimmanci ga mai amfani da ita: in na'urar ba ta kama bugu mai kyau ba, lambar da ta nuna ba ta da tushe.

Abin da ya fi burge ni a tawa ke nan. Ƙarƙashin lambar akwai layi mai hawa da sauka, yana tafiya da bugun zuciyar yaro. Idan layin ya daidaita, kowane tudu ya yi kama da ɗan'uwansa, sai in karɓi lambar. Idan yana tsalle-tsalle, ko ya kwanta, ko da 99 ta rubuta ba na ɗauka. Yawancin ƙananan na yatsa ba su da wannan layi, wasu kuwa 'yar sanda kawai ke motsi a gefe, ba ka sanin ko jini take gani ko motsin yaro.

Ɗaurin ƙafar shi ne ainihin dalilin sayenta. Jariri ɗan wata biyu, yatsansa ba ya cika bakin na manya. Haske sai ya bi ta gefe ya isa ma'auni ba tare da ya ratsa nama ba, sai ka ga 84, ka ga 97, ka ga ta ɗauke gaba ɗaya, duk a cikin minti guda. Da ɗaurin kuwa, nakan bar jaririn a jikin uwarsa, in ce, “Mama, ba shi nono, kada ki kwantar da shi.” In murza ƙafar a tafin hannuna har ta yi ɗumi, in naɗa ɗaurin a gefen tafin ƙafa ta yadda fitila da ma'auni za su fuskanci juna, in rufe da gefen zane saboda hasken ɗaki, sannan in jira. Jiran nan ne mutane ba sa so. Wani lokaci daƙiƙa talatin, wani lokaci ya fi minti. Yaron da ke kuka yana harba ƙafa, gara a rarrashe shi tukuna. Tawa tana jure ɗan motsi, amma ba ta jure harbi.

Me ya sa nake wannan wahalar, alhali ina da ido? Saboda ido yana makara. Kafin leɓe ko harshen yaro su canza launi, oksijin ya riga ya yi ƙasa sosai, kuma a fata mai duhu canjin ma ya fi wuyar gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nimoniya, wato ciwon huhu, ta kashe yara 740,180 'yan ƙasa da shekara biyar a 2019, wato kashi 14 cikin 100 na dukan mace-macen wannan rukuni. Wani nazari da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2022, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, ya samu cewa kusan kashi 31 cikin 100 na yaran da ke da nimoniya oksijin ɗinsu ya yi ƙasa. Tun 2015 kuma Marzia Lazzerini da abokan aikinta suka nuna cewa yaron da ke da ciwon huhu haɗe da ƙarancin oksijin, haɗarin mutuwarsa ya ninka na wanda ba shi da ƙarancin har fiye da sau biyar. Ƙa'idar Hukumar ita ce in lambar ta yi ƙasa da 90, a sa wa yaro oksijin. Na sha ganin yaro shiru a kwance, ba kuka, ba wani abin tayar da hankali, uwar ma tana cewa yau ya ji sauƙi, na ɗaura masa na ga 86 da layi mai kyau. Shirun nan na gajiya ne. A irin wannan daren na'urar ta biya kuɗinta.

Aibobinta na yau da kullum ba su da yawa. Wayar ɗaurin jarirai siririya ce, a gindinta take fara lalacewa, inda ake lanƙwasa ta. Tawa ta farko nan ta mutu, kuma samun wata da za ta shiga ramin jonawar ya ba ni wuya, domin kowane kamfani da irin nasa rami. Ƙarar gargaɗinta tana da ƙarfi, tana tayar da yaron gadon kusa, kuma kafin a kai ga wurin rage ta sai an danna maɓalli da yawa. Batir kam ba ni da ƙorafi, yana kai ni aikin dare har safe. Gogewa da auduga da sifirit tsakanin yaro da yaro bai ɓata ta ba.

Babbar damuwata ba ta wannan kamfani kaɗai ba ce, ta shafi oksimita baki ɗaya. A watan Disamban 2020 Michael Sjoding da abokan aikinsa na Jami'ar Michigan suka buga a mujallar New England Journal of Medicine abin da suka gani da suka gwada lambar oksimita da awon jinin da aka ɗebo kai tsaye daga jijiya. Sun duba marasa lafiyar da na'ura ta ba su tsakanin 92 da 96, wato lambar da ke kwantar da hankali. A cikin baƙaƙen fata, kashi 11.7 cikin 100 na awon ya nuna ainihin oksijin ɗin bai kai 88 ba. A cikin fararen fata kashi 3.6 ne. Kusan ninki uku ke nan. Wannan a manya ne, amma a 2023 masu bincike a asibitin yara na Philadelphia suka duba yaran da aka yi wa aikin binciken zuciya, suka buga a JAMA Pediatrics cewa kuskuren can ma wuri ɗaya ya karkata: na'urar tana ƙara wa yara baƙaƙe lamba fiye da yadda take ƙara wa farare.

Ba abin mamaki ba ne in aka duba yadda ake gwada su kafin a fitar kasuwa. Ƙa'idar hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta shekarar 2013 ta yarda da gwaji a kan mutum goma, muddin biyu daga ciki, ko kashi 15 cikin 100, masu duhun fata ne. A Fabrairun 2021 hukumar ta fitar da gargaɗi cewa launin fata na iya shafar awon, a Janairun 2025 kuma ta fitar da daftarin sabuwar ƙa'ida mai neman a gwada a kan mutum 150 ko fiye, masu launin fata iri-iri. Na buɗe takardar da ta zo cikin kwalin tawa na karanta ta tsaf. Ta ce kuskurenta bai wuce maki biyu sama ko ƙasa ba. Ba ta faɗi a kan wa aka gwada ba, ba ta ambaci yara ba, ba ta ambaci fata ba. Wannan ya ɓata mini rai, domin yaran da nake ɗaura wa ita su ne waɗanda ba a ambata ba.

Ga yadda hakan ya canza aikina. In na ga 97 ko 98 a yaro mai wasa, shi ke nan. In na ga 85, ba gardama, oksijin. Tsakanin 90 da 94 ne nake tsayawa. A nan nakan ajiye na'urar in ɗaga rigar yaro, in ƙirga numfashinsa na cikakken minti. Ɗan ƙasa da wata biyu, 60 ko fiye ya yi sauri; daga wata biyu zuwa sha ɗaya, 50; daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. In duba ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko hancinsa yana buɗewa, ko yana nishi, ko kansa yana gyaɗawa da kowane numfashi, ko ya kasa kama nono. Yaro mai duhun fata da 92 da waɗannan alamu, ni a wurina mai ƙarancin oksijin ne har sai likita ya tabbatar mini da akasin haka. Akwai wata uwa da ta leƙo allon ta ce, “Sista, ai 93 ce, ba an ce 90 ce matsala ba?” Na kama hannunta na ɗora a kan haƙarƙarin ɗanta, na ce, “Mama, ji yadda yake jan nan.” Ba ta sake kallon allon ba.

Akwai kuma abin da na'urar ba ta gani sam. Yaron da jininsa ya ƙare ƙwarai zai iya ba ka 98, domin ɗan jinin da ya rage a ƙoshe yake, alhali jikin yana cikin yunwar iska. Tafin hannu da cikin ido ne za su gaya maka. Wanda ya shaƙi hayaƙi mai guba a rufaffen ɗaki shi ma lambarsa takan fito lafiya lau. Jan farce da sanyin hannu suna rikita ta.

Kada a ɗauka kullum sama take kuskure. Lamba tana da ƙarfi a kan mu ma'aikata fiye da yadda muke zato. A Toronto, a wani gwaji da Suzanne Schuh ta jagoranta aka buga a 2014, an gyara wasu na'urori su riƙa ƙara maki uku a awon jarirai masu ciwon ƙananan hanyoyin numfashi da bai yi tsanani ba. Waɗanda aka auna da na gaskiya, kashi 41 cikin 100 aka kwantar. Waɗanda aka auna da gyararrun, kashi 25. A Birtaniya kuma gwajin Steve Cunningham na 2015, a kan jarirai 615 masu irin wannan ciwo, ya nuna cewa riƙe su a 90 bai fi riƙe su a 94 haɗari ba, tarinsu ya tafi a lokaci ɗaya, kuma na rukunin 90 sun riga isa sallama. Don haka ba kowace 93 ce abin firgita ba. Yaron da ke shan nono da kyau, yana kallon mutane, numfashinsa a natse, ba na tayar da uwarsa tsaye saboda maki ɗaya ya sauka yana barci.

Iyaye suna yawan tambayata ko su saya su ajiye a gida. Wanda ɗansa ke da ciwon zuciya, ko asma mai tsanani, ko aka sallame shi da oksijin, in likitansa ya ce a saya, a saya, kuma a nemi likitan ya rubuta lambar da in an gani za a taho. Lafiyayyen jariri kuwa ban ga amfanin ɗaura masa komai yana barci ba. A 2018 an gwada irin na gida guda biyu a kan jarirai 30 a Philadelphia, ɗaya daga cikinsu ko sau ɗaya ba ta nuna ƙarancin oksijin ba a lokacin da ta asibiti ke nuna shi. Abin da nake tsoro shi ne uwar da ta ga ɗanta yana numfashi da ƙyar, ta maƙala masa ta manya, ta ga 96, ta ce bari gari ya waye.

Ga nas, ungozoma, ko ma'aikacin ƙaramin asibiti da ke ganin yara, ina ba da shawarar irin tawa ba tare da shakka ba. A tabbata tana nuna layin bugu, a tabbata ta zo da ɗaurin jarirai da kan yatsan yara, a tambayi mai sayarwa ko ana samun kawunan dabam, a kuma sayi ɗauri na biyu tun ranar farko. Kafin a biya, a nemi takardar gwajinta a duba ko ta faɗi a kan irin fatar da aka gwada ta.