Ra'ayina kan wata cibiyar darasin kemistri a Tarauni

Akwai wata cibiyar ƙarin darasi a Tarauni da take karɓar ɗaliban kimiyya na ajin SS2 da SS3 a ranakun Asabar da Lahadi, kuma ɗana yana cikin masu zuwa darasin kemistri a can. Abin da ya bambanta ta da sauran wuraren da na sani shi ne malamin ba ya karɓar amsar da aka haddace, sai ɗalibi ya faɗi dalilin da ya kai shi ga amsar.

Na zauna a bayan aji ranar da aka koyar da asid da alkali, wato sinadarai masu tsami irin na lemon tsami da kishiyoyinsu irin kanwa. Malamin ya zuba ruwan zoɓo marar sukari a kofuna biyu, ya matsa lemon tsami a ɗaya, ya ɗiga jiƙaƙƙiyar kanwa a ɗayan. Na farko ya ƙara ja, na biyu ya rikiɗe ya koma kore mai duhu. Maimakon ya yi bayani, sai ya ce, "To, idan na kawo ruwan toka, wane launi kuke sa ran gani, kuma me ya sa?" Wata yarinya ta ce, "Malam, ai a gida ana sa ruwan toka a madadin kanwa, ina ga halinsu ɗaya ne." Ya miƙa mata kofi ta gwada da hannunta. Aikin gida kuwa shi ne su je marinar Ƙofar Mata su gano abin da ya sa zane yake fitowa daga baba da launin kore-kore, sannan ya zama shuɗi idan ya sha iska. Da kansu suka gano cewa iskar oksijin ce take wannan aiki, kuma na tabbata wanda ya gano haka da idonsa ba zai manta ba.

Sai dai akwai gyara. Kayan gwajin taitireshan, wato gwajin da ake ɗiga asid a kan alkali kaɗan-kaɗan don auna ƙarfin ɗaya daga cikinsu, ba su wadatar ba, ɗalibai da yawa suna taruwa a kan bututun awo guda, alhali a jarrabawar WAEC da NECO kowa shi kaɗai zai riƙe nasa. Haka kuma wannan salon yana cin lokaci, har ana barin wasu babuka sai jarrabawa ta ƙarato, kuma ba a horar da yara saurin amsa tambayoyi a kwamfuta kamar yadda JAMB take bukata.

Don haka wanda zai kai ɗansa ya kai shi tun yana SS2. Ɗan SS3 da jarrabawa ta riga ta matso masa zai bukaci ƙarin wurin da zai yi bitar tambayoyin shekarun baya.