Baƙin ɗigo a sabon allon kwamfuta: wasiƙa daga Manchesta zuwa Kaduna

Assalamu alaikum, ƙanena. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara, ya kuma hazon hunturu? Ka gaishe min da yaran shago.

Saƙonka ya iso, na batun allon kwamfuta da kake so in sayo maka a nan don aikin zanen katin biki da kalanda. Ka ce ba ka yarda da na kasuwa ba, na Turai ya fi. Na jinkirta amsa ne don ina so ka fara jin abin da ya same ni da nawa allon a watan jiya.

Na yi odar mai inci 27 ta intanet, bayan kwana biyu aka kawo min kwalin har ƙofa. Sabo fil, ko ledarsa ba a ɓare ba. Da daddare na jona shi, na buɗe farin shafi zan yi rubutu, sai idona ya faɗa kan wani ɗan baƙin tabo kusa da tsakiya, bai kai kan allura ba. Na ɗauka ƙura ce, na sa ƙyalle na goge. Na kashe, na kunna, yana nan daram. Irin wannan tabon, da zarar ka gan shi sau ɗaya ido ba ya sake rabuwa da shi. Na tuna da kai nan take, kai da kake wuni kana gyara fuskar amarya a hoto. Da a allonka yake, sau nawa za ka kai hannu ka goge tabon da ba ya jikin hoton?

Duk hoton da ke kan waɗannan allunan masu faɗi ɗigo-ɗigo ne, su ake kira fiksel. Allo mai 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana da ɗigo 2,073,600. Nawa, mai 2560 da 1440, yana da 3,686,400. Kowane ɗigo kashi uku ne, ja da kore da shuɗi, kowane kashi da ɗan makunninsa da ke buɗe wa hasken fitilar da ke bayan allon hanya ko ya tare shi. Idan makunnan suka lalace, galibi tun daga masana'anta, sai ɗigon ya zauna baƙi, shi ne matacce. Wani kuma maƙalewa yake yi a launi ɗaya, ka gan shi ja ko kore ko da allon ya yi duhu. Maƙalallen wani lokaci yakan saki idan an kunna masa bidiyon da ke sauya launuka da sauri. Mataccen kuwa ba ya tashi, kuma kada wani ya ce maka a danna shi da yatsa, ɓarna za a ƙara.

Washegari na kira kamfanin da ya ƙera allon. Matar da ta ɗauka ta yi min magana cikin ladabi, amma ta ce baƙin ɗigo guda ɗaya bai kai su canza min a ƙarƙashin garanti ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don kuɗin gumina ne. Da na bincika sai na tarar akwai ma'aunin ƙasa da ƙasa, ISO 9241-307 na shekarar 2008, wanda ya kasa alluna mataki-mataki. Mataki na biyu ya yarda da baƙaƙen ɗigo 2 da masu haske 2 a cikin kowane miliyan ɗaya. Ka lissafa da kanka: allo irin nawa zai iya zuwa da matattu kusan bakwai, a ce lafiyarsa ƙalau. Kowane kamfani kuma yana da nasa adadin a takardar garanti, wadda yawancinmu ba ma karantawa.

Abin da ya cece ni dokar ƙasar ce. A Ingila, tun dokar 2013 kan sayayya daga nesa, yawancin abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 daga ranar da ya iso hannunka ka ce ka fasa, ba sai ka faɗi dalili ba. Akwai kuma dokar 2015 da ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da kaya masu lahani a ba shi kuɗinsa. Ni ta farkon na bi, don ba na son jayayya kan ko ɗigo ɗaya lahani ne. Na mayar da allon kwalinsa, na kai inda ake karɓar saƙo, cikin 'yan kwanaki kuɗina ya dawo asusu. Na biyun da na sayo ya zo lafiya.

To ka ga inda bambancin yake. Gilashin allunan nan kamfanoni ƙalilan ne ke yin sa, irin su LG a Koriya ta Kudu, BOE a Chana, AUO da Innolux a Taiwan. Sabon da ke shago a Manchesta da sabon da ke titin Ahmadu Bello mai yiwuwa uwa ɗaya ta haife su. Abin da na fi ka da shi a nan damar mayarwa ce, ita kuwa ba ta shiga akwati ta biyo ni Kaduna. Kafin kaya ya bi jirgi, ya sauka Legas, ya hau mota ya iso gare ka, kwana 14 sun daɗe da wucewa. In kuma gilashin ya tsage a hanya, asarar tamu ce mu kaɗai.

Ba kuma komai ne ya fi kyau a nan ba. In ka shiga shago da ƙafarka, na nuni kawai za ka gani a kunne, naka a rufe za a miƙo maka, kuma waccan dokar ta kwana 14 ba ta shafi sayayyar cikin shago ba. Babu ciniki, babu "Alhaji a duba min". In abu ya lalace bayan garanti, kuɗin mai gyara yakan sa mutum ya haƙura ya sayi sabo. Ina kewar yadda a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi mai shago zai tayar da janareto dominka, ya buɗe kwali, ya ba ka kujera ka duba son ranka. Mu ma a Najeriya muna da dokar kare masu saye ta 2018 da ta kafa hukumar FCCPC, amma ni da kai mun san an fi samun biyan buƙata kafin kuɗi ya bar aljihu.

Saboda haka zan turo maka kuɗin, ka saya a can gida Kaduna. Ka tafi da laftof ɗinka da wayar HDMI, ka tanadi hotuna biyar masu launi ɗaya zalla: fari, baƙi, ja, kore, shuɗi. Ka goge allon tukuna, sannan ka cika shi da kowane launi, ka matso da fuskarka kana bi daga kusurwa zuwa kusurwa, ba gaggawa. Fari ne ke tona matacce, baƙi ke tona maƙalalle. A kan baƙin ka roƙi a rage hasken shagon, ka duba ko fitilar baya tana yoyo ta gefe. In tokumbo ne ka ƙara da neman inuwar tsohon hoto da wurin da ya yi rawaya, ka bar shi a kunne na ɗan lokaci ya ɗau zafi.

Wanda ka gwada shi za a ɗaure maka, kada a ɗauko wani daga sito a ce duk ɗaya ne. A rubuta lambar jikinsa a rasit, da kwana nawa aka ba ka ka dawo da shi in ɗigo ya bayyana. In mai shagon ya ƙi yarda a kunna, ka yi masa sallama ka shiga na gaba.

Ka kira ni ta bidiyo daga shagon ranar Asabar bayan azahar, lokacin na tashi daga aiki, mu duba tare. Ka ce wa Hajiya maganin ƙafarta yana hanya.